Jiragen Tempsford da tarkon Holand

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya tana da wani ƙaramin filin jirgi a ƙauyen Tempsford, inda runduna ta 138 da ta 161 suke zaune. Aikinsu shi ne kai makamai, rediyo da 'yan leƙen asiri ga masu yi wa mamayar Jamus turjiya. Da farin wata suke tashi, su yi ƙasa-ƙasa, ido na neman 'yan fitilun hannu a cikin gonaki. In sun hango su, sai su saki kaya da laima su juya.

Holand ta ci rayukansu da yawa, domin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce cike da bindigogin harbo jirage. Kuma ashe akwai lauje cikin naɗi. A watan Maris na 1942 Jamusawa suka kama Hubertus Lauwers, mai aika saƙon rediyo, suka tilasta masa ci gaba da magana da Landan. Lauwers ya ƙi saka alamar sirrin da ke nuna yana lafiya, amma Landan ba ta kula ba. Da haka hafsan Jamus Hermann Giskes ya ɗana tarkon da aka sani da Englandspiel. Fitilun da matuƙa ke hangowa na abokan gaba ne. Sai su bari kaya su sauka a hannunsu, sannan jiragen yaƙi su tare jirgin a hanyar komawa. Sama da jirage goma suka tafi haka, kuma jirgin Halifax ɗaya yakan ɗauki aƙalla mutum bakwai. A 1943 aka dakatar da zuwa Holand, sai a 1944 aka koma.

'Yan leƙen asiri fiye da 50 da tarkon ya cinye suna da abin tunawa a birnin Heg. Matuƙan kuwa sun warwatsu a maƙabartun ƙauyukan da suka faɗo, inda mutanen gari ke kai musu furanni kowace 4 ga Mayu. Waɗanda teku ta haɗiye, sunayensu na jikin bangon tunawa na Runnymede a Ingila. A Tempsford, rumbun gonar da ake ba masu tafiya kayan aiki yana nan tsaye har yau.