Kwana Uku a Gidan Kawusan

Mu a Burkusuma, in aka ɗauko tarihin Gobir, daga Alƙalawa ake farawa: yadda Babari ya kafa ta, Bawa Jan Gwarzo ya ɗaukaka ta, har jama'ar Shehu suka ci ta a 1808, Yunfa ya kwanta dama. Amma kakana ba ya yarda a tsaya nan. Kullum sai ya ce, "Yaro, mu daga Azbin munka hito." Da na ga Sarkin Musulmi Bello ma ya faɗi a Infaƙul Maisuri cewa Gobirawa ke riƙe da ƙasar Ahir, wato Azbin, kafin Buzaye su ture su, sai na ce gani ya kori ji.

Da hutu ya zo na bi ta Madawa da Tawa da Abalak, har Agadas. Na sauka a wani tsohon masauki, Hotel de l'Aïr, daura da babban masallaci mai doguwar hasumiyar nan ta ƙasa wadda aka sake ginawa a 1844. Arewa kuma duwatsun Azbin ne, inda a da baƙi kan tafi yawon buɗe ido, su hau Bagzan mai tsawon sama da mita 2,000.

To, ni da na zo neman Gobir, sai masaukin ya tare ni da wani tarihin dabam. Ashe gidan Kawusan ne, wanda ya haɗa kai da Sarkin Agadas Tagama, suka tsare sojan Faransa cikin barikinsu daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Da taimako ya iso wa Faransawa, har Ingilishi daga Nijeriya suka ƙetara iyaka don dafa masu, sai aka huce haushi a kan mutanen gari, aka karkashe malamai. Shi Kawusan a Murzuk ya ƙare a 1919. Na ci abinci ƙarƙashin bakan gizon zaurensa, amma lomar ba ta wuce da daɗi ba. Abin kunya, duk karatuna ban taɓa jin sunansa a aji ba, don kawai yaƙin ya faru a hayin Faransa.

Kufan Gobir kuwa, ko bango ɗaya ban gani ba. Abin da na samu kunne ne ya ba ni shi: a kasuwa Hausa ake ciniki da ita, har wata mai fura ta ce mini, "Ɗiyana, ina ka hito?" kamar a Sabon Birni. Wannan ba hujja ba ce, na sani, domin fatake ma sun isa su kai harshe.

Da na dawo na faɗa wa kakana haka, sai ya ce, "Kai dai ba ka hau dutsin ba."