Tsohuwar Bindiga Ma Takardar Tarihi Ce

Wani abokina ɗan wasan kwaikwayo a Madawa yana da wata ɗabi'a da mutane ke yi wa dariya: tara tsofaffin bindigogin gargajiya. Da farko don wasa yake nemansu, daga baya abin ya shiga ransa. Da ya ji labarin adakar kakana da ke rataye a zaurenmu a wani ƙauye kusa da Buza, sai ya matsa mini sai ya gan ta. Da na sauko da ita, tsatsa ta ci bututun, gara ta taɓa gindin, amma layu biyu da aka ɗinke da jar fata suna nan daram.

Na ce masa mu kai wa maƙeri ya kankare ta, ya sake mata katako. Ya ce, "Malam, in ka yi haka ka goge rubutun." Wannan magana ce ta sa ni wannan rubutu.

A ƙasar Adar ta ƙarni na 19, yaƙi na doki ne da raƙumi, da mashi, takobi da kwari da baka. Bindiga kayan manya ce, ba kowa ke da ita ba. Can gabas, Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya yi suna wajen tara bindigogi, har maƙeransa suna zuba igwa suna haɗa albarushi a gida. Irin bindigar lokacin ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna tsumma, a sa harsashi, sannan ƙanƙara ta ƙyasta wuta idan an ja kunama. Kafin ka sake ɗuri, mahayi ya cim maka. Shi ya sa ake kiranta harba-ka-ruga.

Me ya sa muka tsaya a kanta alhali Turai ta wuce wurin? A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Burasel, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar mana masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shekara tara bayan haka, a 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, garin Sarauniya, sannan ta yi wa Birnin Ƙonni, maƙwabciyar Madawa, kisan gilla da bindigogi masu ɗurin baya. Duk wanda ya ɗaga adakar kakana ya ji nauyinta zai fahimci wannan shekara fiye da wanda ya karanta ta a aji.

Yau waɗannan kayan suna ɓacewa. Wasu an sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe a kilo. Wasu an binne su don tsoro, domin kalmar "'yan bindiga", wadda da sunan dakarun sarki ce masu buga albarushi ranar hawan Salla, yanzu ta koma sunan masu satar mutane a bakin iyaka. Tsoron yana da dalili, kuma doka gaskiyarta ce: tun 1994 Nijar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, a shekarar 2000 kuma aka ƙona makamai a Agadas don tabbatar da sulhu. Sai dai adakar da ta shekara ɗari ba ta yi ƙara ba, wurinta gidan tarihi ne, irin na Boubou Hama da ke Yamai, ko fadar sarki.

Abokina bai kankare komai ba. Ya fara tabbatarwa babu tsohon ɗuri a ciki, domin albarushi yana iya tashi ko bayan shekaru. Ya goge ƙura, ya shafa mai kaɗan don tsayar da tsatsa, ya bar layun da gyaran da wani maƙeri ya yi da waya. Sannan ya zaunar da gwaggona, ya rubuta abin da ta tuna: wa ya saye ta, wace farauta aka je da ita.

Shawarata ga duk mai irinta a Madawa, Buza ko Keita: kada ka harba ta, kada ka sayar. Ka sanar da hukuma, ka ɗauki hotonta, ka tambayi tsofaffi tun suna da rai. Gwaggona ta rasu bara, amma takardar tana hannuna.