Daga zaƙami zuwa maganin shaƙa

Ƴan uwa, kowa ya san zaƙami. Yana tsirowa bayan gari, bisa juji, da farin fure mai kama da kakaki, da ƴaƴa masu ƙaya. Iyaye na hana yara taɓa shi, don sunansa na biyu haukata-yaro. To, wannan tsiro yana da dogon labari cikin tarihin ciwon asma.

Asma ita ce ciwon nan da ke matse ƙirji. Hanyoyin iska na cikin huhu su kumbura, su tsuke, majina ta cika su. Mutum ya riƙa numfashi da ƙyar, ƙirjinsa na shewa, galibi da dare ko da asuba. Ba ita ce tarin fuka ba, kuma ba a ɗaukarta wajen wani.

Tun da daɗewa mutane ke neman maganinta. Wajen shekarar 1190, a ƙasar Masar, akwai wani likita Bayahude, Musa ɗan Maimun, haifaffen Kurɗuba, wanda ke duba gidan sarautar Salahuddin. Ya rubuta littafi guda da Larabci kan asma, saboda wani babban mutum mai fama da ita. Bai yi masa alkawarin warkewa ba. Ya ce ya nemi iska mai tsabta, ya rage cika ciki, ya sha romon kaza, ya guji ɓacin rai. Shekara fiye da 800 ke nan, amma shawarar iska mai tsabta ba ta tsufa ba.

A ƙasar Indiya kuwa, masu magani sun daɗe suna busar da zaƙami, su ba mai asma ya sha hayaƙinsa. A 1802 wani babban sojan Ingila mai suna Gent ya koma gida daga Indiya da wannan dabara. Kafin a jima ta bazu cikin Ingila da Faransa. Aka riƙa naɗe ganyen kamar sigari, ko a daka shi gari a ƙona, ana sayarwa a kantin magani. Haka aka yi ta yi fiye da shekara ɗari.

Shin yana aiki? I, kaɗan. Cikin zaƙami akwai wani sinadari, atropin, mai sassauta hanyoyin iska. Amma ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin dafin ba ɗaya ba ne daga wannan tsiro zuwa wancan, ko daga ganye zuwa iri. Ba mai iya auna shi da ido. In ya yi yawa, baki ya bushe, zuciya ta yi ta bugawa, gani ya dushe, hankali ya gushe. Wani ma ya mutu. Ga shi kuma hayaƙi kansa yana tayar da asma.

An gwada wasu abubuwan. A 1860 wani likitan Ingila, Salter, wanda shi ma mai asma ne, ya yaba baƙin kafe mai ƙarfi. Mutanen Sin na da wani tsiro, ma-huwang, wanda aka ciro maganin efedirin daga cikinsa a 1885. Kowanne na kawo ɗan sauƙi, amma babu wanda ya isa ya tsayar da ciwon in ya tashi da ƙarfi.

Babban sauyi ya zo a 1956, a Amurka. Wata yarinya mai shekara 13, ɗiyar shugaban wani kamfanin magani, ta tambayi mahaifinta don me ba za a sa maganinta cikin gwangwanin fesawa ba. Daga nan aka ƙera ɗan gwangwanin shaƙa. Duk dannawa ɗaya, awo ɗaya ke fita, kai tsaye zuwa huhu. A 1969 aka fito da salbutamol, wanda aka fi sani da Ventoline, mai buɗe ƙirji cikin ƴan mintoci. A 1972 aka samu na biyu, wanda ake shaƙa kullum don rage kumburin huhu. A shekarun 1970 ɗin kuma masana suka gyara atropin, suka yi wani maganin shaƙa da shi. Kun ga ke nan, amfanin zaƙami ya iso gidan likita, amma aunanne.

Saboda haka kada kowa ya ƙona zaƙami ko ya jiƙa shi don mai asma, balle yaro. Abin da ke hannunmu a gida shi ne shawarar Musa ɗan Maimun. A nisanta mai asma da hayaƙin murhu da na taba. Lokacin sussuka da sheƙa, ya tsaya inda iska ba ta kawo masa ƙaiƙayi. Da hunturu, in hazo ya sauka, ya rufe hanci da ƙyalle. Ya ci abinci mai gina jiki, da ganye irin su zogale. Zuma da ruwan ɗumi na lallashin maƙogwaro, amma ba su buɗe huhu, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma.

In kuwa numfashi ya tsananta har mutum ya kasa haɗa magana, kada a jira gari ya waye. A ɗaura amalanke, ko a nemi babur, a kai shi likita.