Kyamarar Gaban Mota a Hanyar Filinge: Ina Bidiyon Zai Kwana?

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake adana bidiyon da kyamarar gaban mota ke ɗauka, da kwafe shi zuwa wani wuri, da kallonsa daga nesa. Ta ɗauki tsarin motocin lantarki na Tesla ta auna shi da yanayin ƙasar Kurfai a jihar Tillaberi. Ta gano cewa zafi da raunin rezo da sha'anin tsaro sun juya jerin buƙatun, har kallo daga nesa, wanda kamfanoni suka fi tallatawa, ya koma sahun baya.

Gabatarwa

Daga Yamai zuwa Filinge kimanin kilomita 180 ne a kan hanya mai lamba 25, wadda ta ratsa Baleyara ta bi kwarin Dallol Bosso. Hanya ce ta 'yan kasuwa da dabbobi: Hiyas maƙare da fasinja, motocin dankalin Bonkuku, garken shanu masu tsallaka kwalta ba sallama. Motar lantarki baƙuwa ce a nan, amma ba ta yi nisa ba. A Afrilun 2021 hukumar tsara motoci ta Nijeriya, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma a Maiduguri Mustapha Gajibo ya haɗa ƙananan bas masu batir. Abin da ya shiga Sakkwato kuwa ba ya daɗewa bai leƙo Birnin Ƙonni ba.

Abin da mota ke riƙewa

A 2018 Tesla ta fara barin direba ya ɗauki bidiyo da kyamarorin jikin motar. Sai ya soka ma'ajiyar USB mai folda da aka raɗa wa suna TeslaCam, kuma kamfanin ya ce kada ta gaza gigabait 64. A tsarin da aka daɗe ana aiki da shi, motar tana riƙe sa'a ɗaya ta ƙarshe ne kawai, sabo yana goge tsoho. Idan direba ya taɓa alamar kyamara a allo, ko ya danna hon bayan ya kunna wannan zaɓi, sai a ware minti goma na ƙarshe a ajiye gefe.

A ɗauka saniya ta faɗo titi gaba da Baleyara, mota ta goge ta. Makiyayi ya ce gudu ne, direba ya rantse bai wuce sittin ba. Idan hannunsa bai kai ga alamar nan ba, aka ci gaba da tafiya zuwa wurin jandarma, shaidar tana iya gogewa tun ba a fara sauraren kowa ba. Ƙananan kyamarorin da ake liƙawa a gilashin motar haya ma haka suke, sai dai yawancinsu suna kulle bidiyo da kansu idan suka ji karo.

Lissafi da zafin rana

Kyamara ɗaya mai ɗauka a kan megabit 12 cikin daƙiƙa tana tara kusan gigabait biyar da rabi a sa'a. Tafiyar sa'a uku zuwa Filinge ta haura gigabait 16 ke nan, kuma katin memori mai gigabait 64 zai cika cikin sa'a 12. Wannan na ido ɗaya ne. Motar Tesla tana ɗauka ta gaba da baya da gefuna a lokaci guda.

Shi kansa katin, da bai kai farcen babban yatsa ba, yana da iyakar sau nawa za a rubuta a goge a cikinsa. Wanda aka yi don waƙoƙi da hotunan biki a waya ba ya jure wannan aiki, kuma mutuwarsa shiru ce: fitilar kyamara tana ci, direba ya saki jiki, sai ranar buƙata a tarar da fayil da ba ya buɗuwa. Ga kuma bazara. A Afrilu da Mayu zafin yankin yana haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Batirin litiyom na ƙananan kyamarori yana kumbura a irin wannan yanayi, shi ya sa da yawa daga masu ƙera su suka koma ga wata ma'ajiyar wuta da ake kira kafasita, wadda ta fi jure zafi. Ga direban Kurfai, wannan ya fi kyawun hoto muhimmanci.

Kallo daga nesa

A 2019 Tesla ta fito da tsarin gadi mai suna Sentry Mode, mai sa ido idan mota tana ajiye, a 2021 kuma ta ƙara damar leƙa kyamarorin kai tsaye ta waya ga masu biyan kuɗin wata. Damar ta dogara da layin sadarwar da ke cikin motar, kuma kamfanin ba shi da reshe a Nijar. Gadin ma ba kyauta ba ne, batir yake ci, kuma yana kashe kansa idan caji ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari. Wanda ya ga watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take ba kamfanin NIGELEC, ya san darajar caji.

Ko da kyamarar ta samu layin Airtel ko Moov ko Zamani, tura gigabait 16 ta rezon da ke zuwa yana ɗaukewa tsakanin ƙauyuka asarar kuɗi ce. Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, amma ya fi dacewa da rufin tasha. Nan ne dabarar wasu masu Tesla take da amfani: suna maƙala 'yar kwamfuta Raspberry Pi mai manhajar TeslaUSB, wadda ke kwashe bidiyon da aka ware zuwa ma'ajiyar gida da zarar mota ta shigo inda wayafai yake. Ƙungiyar direbobi za ta iya yin haka a tashar Filinge da faranti ɗaya na sola, mota ta sauke fasinja ta sauke bidiyo.

Wa ke cikin hoton?

Wannan ce tambayar da ta fi nauyi. A 2017 aka sa sassan Tillaberi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma a Janairun 2020 aka hana hawa babur a wasu sassan jihar. Kyamarar da ke ɗaukar hanya tana ɗaukar shingen jami'an tsaro, da lokacin da ayari ya wuce, da fuskar wanda ya sauka a wane ƙauye. Idan katin ya faɗa hannun 'yan bindiga, direba ya yi musu leƙen asiri bai sani ba. Ba a nan kaɗai ake wannan fargaba ba. A 2021 Sin ta hana motocin Tesla shiga harabar sojojinta, a Afrilun 2023 kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa wasu ma'aikatan Tesla sun riƙa tura wa juna hotunan da motocin mutane suka ɗauka.

Nijar tana da dokar kare bayanan sirri tun 2017, an sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke kula da ita. Ya kamata hukumar ta zauna da ƙungiyoyin direbobin hanyar Filinge a tsayar da abu uku tun kyamarorin ba su cika gilasai ba: kwana nawa za a riƙe bidiyo a tasha, wa ke da mabuɗinsa, da wuraren da dole a kashe kyamara.