MASU SHIGA KOGO DON NISHAƊI

'Yar uwa, in irin tarbiyyarmu aka yi miki, da kin ji an ce kogo sai gabanki ya faɗi. Tun muna yara aka ce mana gidan kura ne da macizai, wasu ma su ce na aljannu. Shi ya sa da na ji wai akwai Turawan da ke sayen igiya da fitila su kutsa cikin ƙasa don nishaɗi kawai, cewa na yi ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Ashe abin ya daɗe. Wani lauya ɗan Faransa, Martel, shi ake yi wa kallon uban harkar. A 1889 ya sauka ramin Fadirak da tsanin igiya, ya tarar da kogi na gudu a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya yi ta ƙorafi cewa mushen da ƙauyawa ke jefawa cikin ramuka yana gurɓata ruwan shansu, har aka yi dokar hanawa a 1902.

Amma ni abin da ya sa na janye maganata ya faru ne a ƙasar Tailan. Ranar 23 ga Yuni, 2018, yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su suka shiga kogon Tam Luwang yawo, ruwan damina ya toshe musu hanyar fita. Ƙaraminsu shekararsa 11. Ke da kike rasa sukuni in ɗanki ya kai magariba a waje, ki auna iyayen nan, kwana tara a bakin kogo ba labari!

Kin san waɗanda suka gano su? Turawan Ingila biyu, Rik Stanton, tsohon ɗan kwana-kwana, da Jon Bolantan, mai aikin kwamfuta. Nutso cikin kogo sha'awarsu ce ta ranar hutu. Haka likitan da ya zo daga Ostareliya, wanda ya riƙa yi wa yaran allurar barci don kada su firgita a cikin ruwa. Ɗaya bayan ɗaya aka jawo su, daga 8 zuwa 10 ga Yuli, duka 13 da ransu.

Sai dai ba a tashi lafiya ƙalau ba. Saman Kunan, tsohon sojan ruwan ƙasar, ya kai tukwanen iska ciki, a hanyar dawowa numfashinsa ya ɗauke. Shi ma da matarsa a gida tana jira.