Malamin Karatun Manya a Madarumfa

Malamin karatun manya, ko malamin yaƙi da jahilci, shi ne wanda aka ɗora wa amanar koya wa magidanta da matan aure karatu da rubutu da hisabi cikin harshensu, aikin da hukumar Nijar ta soma tun farkon shekarun 1960 da taimakon UNESCO. A gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, inda noma da su a tafki suke riƙe da jama'a, galibi ɗan gari ake zaɓa a horar, ya buɗe aji da rani, domin da zarar damina ta sauka gona ce ke da almajiransa.

Wajibinsa ya zarce allo da alli, gama dattijon da ya sauke Alƙur'ani, ya ƙware a ajami, bai cancanci tsawa irin ta yara ba. Sai malam ya lizimci ladabi da haƙuri, yana ce masa Baba, yana kama masa hannu a kan baƙaƙen boko, har ya iya karanta takardar asibiti, ya rubuta bashin takin zamani da kansa. Malamin ne kuma mai riƙe rajistar halarta, mai kai rahoto ga sufeto.