Tsakanin Gizago Da Zarto

Abin da ya jawo wannan rubutu ba wani abu ba ne illa gara. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, littattafansa suka faɗo a rabona, wasu na ɗab'i wasu rubutun hannu, duk a cikin adaka biyu da wasu kwalaye a jingine da bango. Shekara guda ban taɓa su ba. Ranar da na buɗe kwalin ƙasa a ƙarshen daminar 2022, sai na tarar gara ta riga ni karatu, ta fara daga bango ta ratsa har tsakiya. Littafi huɗu sun tafi, har da wanda ya yi wa ta'aliƙi da hannunsa a gefen shafuka. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari na nufi wajen kafinta don ya yi mini kanta mai hawa biyar. Kuɗin da ya yanka mini ya sa na yi masa sallama a tsaye, na ce a raina, wai shin mene ne a ciki? Falanki ne da ƙusa. Kallon kitse nake wa rogo. Na je 'Yan Katako ta Na'ibawa na sayi falanki na farin katako, na sayi zarto da guduma da ƙusa kilo guda, na dawo gida ina jin kaina. Kwana uku ina fama a tsakar gida, yara na kallo, uwargida na leƙowa ta taga tana ƙunshe dariya. Da na tsayar da abin sai ya karkace kamar mai ciwon ƙugu. Na ɗora littafi goma, ya yi wata ƙara, ya durƙusa.

Ina zaune ina duban wannan abin kunya, sai na lura da abin da nake zaune a kai. Kujerar kakata ce, 'yar tsugunno, wadda aka kai ta ɗaki da ita tun kafin a haifi mahaifina. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinta, ba gam, ba mahaɗi. Ta yi baƙi ta yi santsi don zama, amma ko motsi ba ta yi. To me ya sa wanda ya yi ta, da bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba, aikinsa ya haura shekara saba'in, ni kuwa mai takardar makaranta nawa bai kwana ba? Neman amsar wannan tambaya shi ya kai ni ga tarihi.

Abu na farko da na gane shi ne sana'o'i biyu ne muke cakuɗawa. Akwai sassaƙa, akwai kafinta, kuma ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Masassaƙi ragewa yake yi. Gungume guda zai samu, ya sa gatari da gizago ya yi ta cire abin da ba ya so har turmi ko akushi ko kujera ta fito daga ciki. Kafinta kuwa haɗawa yake yi: sai an tsaga masa itace ya zama falanki, sannan ya auna, ya yanka, ya harhaɗa. Kujerar kakata ba ta da inda za ta rabu domin tun asali ba a haɗa ta ba. Kantata kuwa mahaɗi goma sha wani abu gare ta, kowanne ƙofar ɓarna ne ga wanda bai iya ba.

Sassaƙa ita ce tamu ta gado. Ita ta ba mu turmi da taɓarya, da akushi da muciya, da ƙotar fartanya, da allon karatu, da kwarangwal ɗin sirdi, da jikin ganga da kalangu, da jirgin ruwa a wuraren masunta. Kuma masassaƙa sun san itatuwa kamar yadda mahauci ya san nama. Ƙirya ta turmi ce saboda taurinta, aduwa ta allo, ɗanya tana da sauƙin fafewa don akushi, ga maɗaci da kawo da marke da kanya kowanne da inda yake shiga. Kakata takan ce masassaƙi ba ya sa wa babbar bishiya gatari haka kawai, sai ya yi 'yan tsatsube-tsatsubensa ya sallami masu wurin tukuna. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, ya dai sa ba kowane mai gatari ne ke faɗa wa bishiya ba.

Amma ka lura, mai karatu, a duk jerin nan babu tebur, babu benci, babu kabad. Dalili kuwa rayuwar Bahaushe a ƙasa take. Namiji tabarma ce tasa ko buzu, malami a kan buzu yake ba da karatu, almajiri a cinya yake ɗora allo. Kujera ta mata ce, ta bakin murhu da wanke-wanke da kitso. Gado kuwa ko na ƙasa, wanda ake ginawa har a bar masa wurin zuba garwashi lokacin sanyi, ko na kara, ko na tukurwa. Hatta masu mulki haka ne. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, a kan 'yar shimfiɗa ya sami Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tsakanin ginshiƙai biyu na ɗakin. Karagar sarki ma ai tudu ne na ƙasa da aka lulluɓe da kilisai. Inda itace ya yi babban aiki shi ne gini, wato azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Da ita Babban Gwani ya ɗaure bakan-gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Wanda kuma ya shiga Gidan Makama a Kano zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ya ga yadda mutanen da suke haɗa itace da ƙarfen maƙera.

Harshenmu ma ya ba da shaida. Gado da kujera da turmi namu ne. Tebur da benci da kabad da kanta, har da shi kansa kafinta, duk daga bakin Turawan Ingila muka tsince su. Tsakanin waɗannan biyu akwai wasu baƙi da suka riga Bature isowa ta hanyar fatauci: akwati ana danganta shi da Yarabanci, adaka kuwa sunan akwati ne a harshen mutanen Asante, ƙasar da fatakenmu suka yi ta zarya a kanta wajen sayen goro a Gwanja. Ashe adakar da mahaifina ya adana littattafansa a ciki, sunanta ma ɗan ci-rani ne.

Kafinta irin wanda muka sani ya shigo ne da mulkin Turawa. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, sabbin masu mulki suna buƙatar ofis, ofis kuwa ba ya yiwuwa sai da tebur da kujera mai jingina da kabad na fayil, ga ƙofofi da tagogi na bariki. A 1909 Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano, kuma a cikinta akwai sashen koyon sana'a inda aikin katako yake cikin abin da ake koyarwa. Sai dai koyarwa kaɗai ba ta isa ba, domin dajinmu ba ya ba da dogon falanki miƙaƙƙe mai yawa. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Jirgin da ya kwashi gyaɗa da fata ya yi kudu, shi ya dawo da katakon kurmi da ƙusa da kwanon rufi, ya kuma kawo kafintoci 'yan kudu da mutanen Saliyo da na Gwalkwas waɗanda suka zauna a Sabon Gari. A hannun irin waɗannan, da wuraren aikin Hukumar Ayyuka da na En'e, da yawa daga kafintocinmu na farko suka koyi riƙon zarto. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1940, aka kafa babbar masana'antar katako da filawud a Sapele, filawud ya yawaita a kasuwa, ƙirar kabad da akwati ta yi sauƙi.

Ni a ganina, ofis ne ya kawo kafinta, amma ɗakin amarya ne ya raya shi. Duk wanda ya kai shekara hamsin ya ga wannan sauyi da idonsa. Iyayenmu an kai su da gadon ƙarfe mai rumfa, ana tara masa katifa da matasai har ya kusa taɓa rufi, ga jeren tasoshi da kwanukan sha a bango. Da kuɗin fetur suka shigo, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 zuwa 1975, sai gadon katako mai fomeka ya kori na ƙarfe, jere ya tashi daga bango ya shiga kabad mai gilashi, kujerun kushin suka kori tabarma daga falo. Kafinta ya zama mutumin da uban 'ya mace ke tsoro fiye da mai haraji. (Har kujera ma ta sami ɗaukaka: abin da da yake na bakin murhu, yau shi ake biya wa miliyoyi a ce an sami kujerar Makka, shi kuma 'yan siyasa ke kashe juna a kai.) Yanzu kuwa yawancin abin da ake kira saitin gado ba itace ba ne, garin katako ne da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Kyau kam akwai shi. Amma bari ruwa ya taɓa ƙafarsa, ko a yi ƙaura da shi sau biyu.

Da na gaji da kunya, sai na kwashi gawar kantata a Keke Napep na kai wa wani dattijon kafinta a bayan layinmu, wanda ya koyi aiki tun zamanin En'e. Ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Na ce, "Baba, ni ne da kaina."

Ya ce, "To alhamdu lillahi, da ma ina tsoron kar a ce ɗan sana'armu ne."

Bai karɓi aikin ba, cewa ya yi in zauna in gyara a gabansa. A nan na ji abin da ba a rubuta mini a ko'ina ba. Katakon da na saya ɗanye ne, daga kurmi ya zo da ruwansa a jiki, da iskar arewa ta buge shi dole ya tsuke ya murɗe. Ana jera shi ne a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki, a ba shi makonni ya sha iska. Ya nuna mini cewa abin da ake kira tu-bai-fo a kasuwa da wuya ya cika inci biyu da huɗu, don haka kowane guntu sai an auna shi da kansa. Ƙusa idan za ta shiga kusa da bakin falanki, sai a dakushe tsininta da guduma tukuna, in ba haka ba ta tsaga shi. Babban laifina kuwa shi ne na bar nauyin littattafai a kan ƙusa kaɗai. Ya sa na yanka gurbi a jikin falankin gefe, kowane hawa ya shiga ya zauna a kan itace, ƙusa da gam aikinsu riƙewa kawai. Sannan ya ba ni igiya ya ce in auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, in sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo daidai ba, to a karkace take ko da ido ya ce lafiya lau. Da suka daidaita muka buga filawud a bayanta, shi ne ya hana ta rawa. Ƙafafun kuma muka shafe su da maganin gara, ya ce kar in kuskura in jingina ta da bango, in bar tazarar da hannu zai shiga.

Muna cikin aiki na ce masa ina sha'awar wata rana in yi tebur da maɗaci ko madobiya. Ya ajiye filen ɗinsa ya dube ni. Ya ce da yana yaro jan katako shi ne katako, farin kuwa na akwatin sabulu ne. Yau ga shi malaina, baƙuwar bishiyar da aka kawo daga ƙasashen Asiya aka dasa a gandun daji, ita ce ake rububi. Madobiya kuwa labarinta ya fi haka ɗaci. A shekarun 2010 aka yi mata wawa a Afirka ta Yamma, a Nijeriya musamman a Taraba inda 'yan katako ke ce mata Madrid, ana loda gungumenta a kwantena zuwa ƙasar Sin don ƙera kujeru masu tsada. Ɓarnar ta kai ga a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu. Ƙirya ma da ake turmi da ita, masu gawayi sun bi ta sun ƙarar a wurare da yawa. Baba ya ce masassaƙin da yake saya wa ƙota a kasuwar ƙauye ya gaya masa yanzu sai ya yi tafiyar yini kafin ya ga bishiyar da ta isa turmi, 'ya'yansa kuma duk sun koma acaɓa.

Kwana tara muka yi. Da na tambaye shi ladansa, ya ce in kawo masa goro da sabon zarto, don nawa na kasuwa ya ce ko rake ba zai yanka da shi ba. Kantar tana nan a ɗakina, hawa na uku ya ɗan fi sauran tsawo saboda na yi kuskuren awo, kuma a nan manyan littattafan mahaifina suka sami wurin tsayawa. Duk ranar Juma'a nakan zura hannu ta bayanta in shafa bango in ji ko gara ta fara gini. In zan ɗauko littafi daga hawa na biyar, kujerar kakata nake takawa.